Waya ɗaya tak a ƙarƙashin teku: wa ya kamata ya riƙe sadarwar Tonga?

Injiniya Bashir: Assalamu alaikum jama'a. Tun jiya nake son kawo wannan magana. Akwai wata ƙasa a tekun Fasifik mai suna Tonga, mutanenta 100,000 da 'yan kai, ba su kai yawan ƙaramar hukuma ɗaya ta cikin birnin Kano ba. Tsibirai ne wajen 170, waɗanda ake zaune a kansu ba su kai 40 ba. Kamfanonin waya biyu ne ke riƙe da ƙasar: TCC na gwamnati, da Digicel na 'yan kasuwar waje. Ranar 15 ga Janairun 2022 dutsen Hunga Tonga-Hunga Ha'apai ya yi aman wuta a cikin teku, kimanin kilomita 65 arewa da babban birnin, Nuku'alofa. Kamfanonin biyu suka yanke da duniya lokaci guda. Intanet ba ta dawo sosai a babban tsibirin ba sai 22 ga Fabrairu. Tambayata ita ce, ƙasa irin wannan wa ya kamata ya riƙe mata sadarwa? Ni dai a ganina, abin da rayuka suka rataya a kansa bai kamata a bar wa lissafin riba shi kaɗai ba.

Hajiya Rabi: Wa alaikumus salam Injiniya. Kafin a shiga gardama ka fahimtar da ni. Kamfani biyu ka ce. To yaya aka yi duka suka ɗauke tare? Mu nan in layi ɗaya ba sabis sai mu koma ɗayan, shi ya sa kowa ke yawo da sim biyu.

Injiniya Bashir: Hajiya kin taɓo inda maganar take. Kamfani biyu ne, amma a lokacin ƙofa ɗaya suke bi su fita waje. Waya ce guda ɗaya shimfiɗe a ƙasan teku, tsawonta kilomita 827, daga Nuku'alofa zuwa Suva ta ƙasar Fiji, inda take haɗuwa da babbar wayar Southern Cross mai zuwa Ostireliya da Amurka. A 2013 aka fara aiki da ita, da tallafin Bankin Duniya da Bankin Raya Asiya. Akwai kamfani na uku da ke kula da ita, Tonga Cable, gwamnati ce ke da mafi yawan hannun jarinsa, TCC da Digicel kuma kowa na da rabonsa. Saboda haka sim biyu a Tonga kamar shago biyu ne masu sarin kaya a mota ɗaya. Ranar da motar ta faɗi, duka shagunan babu kaya.

Auwal: Yaya Bashir, da girmamawa, wannan gardama ta tsufa. Starlink, kamfanin Elon Musk mai ba da intanet ta tauraron ɗan'adam, ta riga ta kashe ta. Ka kafa faranti a kan rufi, ka haɗa da sola, shi ke nan. Ba ruwanka da teku, ba ruwanka da dutse. Bayan aman wutar ma ai Elon Musk ya ba su faranti 50 kyauta.

Injiniya Bashir: Ya ba su, ba na musu. Zan dawo kan wannan, ƙanena, ka ba ni lokaci.

Dakta Hadiza: Salamu alaikum. Ku bari in sa baki, don ina Auckland ta ƙasar Niyu Zilan lokacin da abin ya faru. Birnin cike yake da 'yan Tonga, kuma akwai su da yawa a wurin aikinmu. Wata abokiyar aikina mahaifiyarta na tsibiran Ha'apai na Tonga, ɗaya daga cikin wuraren da igiyar ruwa ta fi yi wa ɓarna. Abin da ta gani na ƙarshe shi ne bidiyon ruwa yana shiga gidaje, sama ta yi baƙi ƙirin da toka, sai komai ya tsaya. Kwana da kwanaki tana zuwa aiki da waya a aljihun riga, tana duba marasa lafiya, tana fita baranda tana gwada lambar da ta san ba za ta shiga ba. Ban taɓa ganin jira mai cin rai irin wannan ba. Da a ce mutuwa aka sanar da ita, da ta yi kuka an yi mata ta'aziyya. Wannan kuwa ba ta san abin da za ta yi wa kuka ba. Alhamdu lillahi tsohuwar ta tsira, sun hau tudu da wuri.

Malam Nuhu: Allahu akbar. Dakta, wannan jiran na san shi. A watan Satumbar 2021 aka rufe layukan waya a Zamfara saboda matsalar tsaro. Ina Gusau, 'yata na da tsohon ciki a wani gari, babu hanyar jin halin da take ciki. Sai mutum ya biya kuɗin mota ya fita daga jihar don kawai ya yi kiran minti biyar. Masu POS suka nannaɗe lema, ciniki ya koma hannu da hannu. Wanda bai ɗanɗana ba zai ɗauka waya abin hira ce.

Alhaji Garba: Allah ya gafarta Malam, na tausaya, amma kada mu haɗa su. Naku hukuma ce ta yanke shawara, nasu kuwa iko ne na Ubangiji. Ni inda na saɓa da Injiniya shi ne batun kamfanin gwamnati. Mu da muka ga zamanin NITEL mun san yadda aka yi. Kafin a kawo wayar salula a 2001, duk faɗin Najeriya layukan waya ba su wuce rabin miliyan ba. 'Yan kasuwa na shigowa, cikin 'yan shekaru mai shayi da mai faci suka mallaki waya. Gwamnati ba ta iya kasuwanci ba, ko a Kano ko a tsakiyar teku.

Malam Nuhu: Alhaji ban ce sanadin ɗaya ne ba. Cewa na yi zafin ɗaya ne ga wanda ke riƙe da wayar.

Injiniya Bashir: Ranka ya daɗe Alhaji, misalinka gaskiya ne, amma ka duba abin da ya jawo 'yan kasuwar. Najeriya na da mutane sama da miliyan 100 a lokacin, duk inda ka kafa turke za ka ga masu sayen kati. A Tonga fa? Akwai tsibiran Niua can arewa mai nisa, sun fi kusa da ƙasar Samowa a kan babban birninsu, mutanen cikinsu ba su cika 2,000 ba. Ka kai turke can a jirgin ruwa, ka kai batura da janareta, ka riƙa tura mai gyara, ga iskar gishiri tana cin ƙarfe, ga guguwa kusan kowace shekara. Ka lissafa mini katin nawa za su saya kafin kuɗinka ya fito. Ba zai fito ba har abada. Wanda zai yi wannan aiki sai wanda doka ta ɗora wa, ko wanda aka biya ya yi.

Alhaji Garba: To a biya ɗan kasuwar ya yi mana! Ai ya fi a riƙe kamfani sukutum ana biyan albashi. Kuma gaya mini gaskiya, da Digicel ta shigo ba ta sa na gwamnatin ya farka ba?

Injiniya Bashir: Wannan kam na ba ka. Digicel ɗan ƙasar Ailan ne ya kafa ta, Denis O'Brien, ta fara a Jamaika a 2001, kuma sana'arta ke nan, shiga ƙananan tsibiran da manyan kamfanoni suka raina. A Tonga ta sayi wani kamfanin gida mai suna TonFon, ta buɗe da sunanta a 2008. Gasa ta yi amfani, ban taɓa cewa a kore ta ba. Bayan aman wutar ma ta yi ƙoƙari, cikin 'yan kwanaki ta haɗa kiran waje ta tauraron ɗan'adam, duk da cewa 2G ne kuma layin a cushe yake. Amma Alhaji, ka san wa ya mallaki Digicel ta yankin Fasifik yanzu?

Alhaji Garba: Faɗa mini.

Injiniya Bashir: Telstra, kamfanin waya na Ostireliya. An sanar da cinikin a Oktoban 2021, aka kammala a Yulin 2022, a kan dala biliyan 1.6. A ciki Telstra dala miliyan 270 ta sa. Sauran dala biliyan 1.33 gwamnatin Ostireliya ce ta samar. Dalilin da aka yi ta bugawa a jaridu shi ne fargabar kada kamfanin ya faɗa hannun Sin. Ka ga ke nan har kamfanin da kake kira na 'yan kasuwa, kuɗin gwamnati ne ya saye shi. Bambancin kawai, gwamnatin wata ƙasa ce.

Hajiya Rabi: Ikon Allah. Ashe kowa ya san abin ba kamar sayar da atamfa ba ne.

Alhaji Garba: Na ji, kuma ban san wannan ba. Amma ka lura, gwamnatin ta ba da kuɗi ne, ba ta ce za ta zauna a ofis tana sayar da kati ba. Ta bar wa waɗanda suka iya. Maganata ke nan tun farko.

Isufu Damagaram: Salamu alaikum 'yan'uwa. Alhaji, akwai abin da ba ka sa a lissafi ba: baƙo yana iya tafiya. Mu a Nijar mun gani, Orange ta sayar da reshenta a 2019 ta fita, aka koma Zamani. Ba laifi ba ne, ɗan kasuwa inda ya ga riba yake tsayawa. Digicel ɗin nan ma da ta canza hannu, ba don Tonga aka yi cinikin ba. Ƙasashe shida ne a ciki, Papuwa Niyu Gini da Fiji da Samowa da Vanuatu da Nauru da Tonga, kuma babbar kasuwar ita ce Papuwa Niyu Gini. Tonga a cikin buhu aka haɗa da ita. In gobe mai buhun ya sauya ra'ayi, wa zai tambayi mutanen Nuku'alofa? Kamfanin gida ko da rauni gare shi, ba shi da wata ƙasar da zai koma. Mu da ba mu da teku, intanet ɗinmu ta ƙasar maƙwabta take ratsowa, mun san ɗacin dogaro da ƙofar wani.

Auwal: Har yanzu ina jiran amsata, Yaya Bashir. Duk wannan da kuke faɗa, faranti ya warware shi.

Injiniya Bashir: To ga ta. Na farko, a 2022 farantan nan ba su yi aiki haka kawai ba, sai da aka kafa tashar ƙasa a Fiji, kuma kusan lokaci ɗaya suka fara aiki da dawowar wayar teku. Inda suka yi rana shi ne ƙananan tsibiran da wayarsu ba ta gyaru da wuri ba. Na biyu, abin da waya mai zaren gilashi ke ɗauka ya ninka na faranti nesa ba kusa ba. Faranti zai riƙe gida ko asibiti ko makaranta. Bankuna da filin jirgi da ma'aikatu da wayoyin mutum 100,000 a lokaci guda kuwa, wannan wani nauyi ne daban. Na uku, kuma shi ne ya fi damuna: makunnin yana hannun kamfani ɗaya a wata ƙasa. Waya in ta tsinke ka san inda ta tsinke, ka kira jirgi. Wancan in an kashe maka daga can, wa za ka kira?

Auwal: Amma Yaya, a 2024 wa ya kashe? Ba kamfanin ba ne. Girgizar ƙasa ta sake lalata wayar cikin gida, wadda ta haɗa babban tsibirin da tsibiran Vava'u da Ha'apai, a ƙarshen watan Yuni, tsibiran suka koma duhu, mutane suna lallaɓawa da farantan da suka sayo daga waje, sai hukumomin Tonga suka ce Starlink ta dakata don ba ta da lasisi. Mutane na cikin tsaka mai wuya ana maganar takarda! Sai da aka yi ta ƙorafi sannan aka ba ta izinin wucin gadi. Wannan shi ne abin da nake tsoro game da gwamnati mai kamfanin waya: ita ce alƙali, ita ce mai ƙara.

Alhaji Garba: Yauwa ɗana! Ka faɗi abin da ke raina.

Injiniya Bashir: Auwal, a nan ka yi gaskiya, lokacin da aka zaɓa bai dace ba ko kaɗan, kuma ba zan kare shi ba. Sai dai ka dubi ɗaya gefen. A kasuwa ƙarama irin wannan, manyan kwastomomi kaɗan ne: otal-otal na masu zuwa kallon manyan kifaye a Vava'u, bankuna, 'yan kasuwar birni. Kuɗinsu ne ke ɗaukar nauyin turken ƙauye. In duk suka koma faranti suna biyan kamfanin da ba ya biyan haraji a ƙasar kuma bai ɗauki ma'aikaci ko ɗaya ba, wa ya rage wa TCC da Digicel? Talaka mai sayen katin pa'anga biyar na kuɗin ƙasar. Shi kuma ba zai iya sayen faranti ba. Daga nan sai turkensa ya lalace a rasa kuɗin gyara. Lasisi ba takarda ce kawai ba, ita ce hanyar da za a ce wa baƙo: ka shigo, amma ka ɗauki naka kason na nauyin.

Malam Nuhu: Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Amma ni ma ina tare da yaron nan a kan abu ɗaya, ranar da mutane ke neman jin muryar 'yan'uwansu ba ranar rufe ƙofa ba ce.

Hajiya Rabi: Ni abin da ya tsaya mini shi ne makonni biyar. Waya ce ta tsinke, me ya sa ba a ɗaura ta a kwana biyu ba? Nan in mai haƙa kwalbati ya sare waya, washegari an gyara.

Injiniya Bashir: Hajiya, wannan aikina ne a tudu, kuma ko a tudu da wuya, balle a teku. Da farko ana harba haske cikin zaren daga gaɓa, a auna inda ya dawo, a gane wurin da ya yanke. Na Tonga an gano yankewar kimanin kilomita 37 daga gaɓa, aka ɗauka ɗauri ɗaya ne. Jiragen da ke wannan aiki kaɗan ne a duniya. Wanda aka samu, mai suna Reliance, yana Port Moresby ta Papuwa Niyu Gini ne, tafiyar sama da kilomita 4,000, kuma sai da ya biya Samowa ya ɗauki kayan aiki. Da ya iso sai aka tarar ba yankewa ɗaya ba ce. Tokar da dutsen ya watsa sama ta faɗo cikin ruwa, ta gangara ƙasan teku kamar ambaliyar laka, da gudun da masana suka ƙiyasta ya kai kilomita 122 a awa. Ta tsittsinka wayar, ta ja wani sashe nesa da inda aka shimfiɗa shi, ta binne wani. Sai da aka sa sabuwar waya ta kusan kilomita 90. Tonga ba ta da ajiyar da ta kai haka, sai aro aka yi daga wasu kamfanoni. Kuma kowane ɗauri sai an sa ƙugiya an jawo bakin wayar daga zurfin teku zuwa kan jirgi, a haɗa zaruruwan da ba su fi gashin kai kauri ba ɗaya bayan ɗaya, a gwada, a rufe, a mayar a hankali. In teku ta yi fushi a dakata. Ta cikin gida kuwa, wadda aka shimfiɗa a 2018 zuwa Ha'apai da Vava'u, ta fi kusa da dutsen, sai da aka ƙera mata sabuwa. Ba ta dawo ba sai tsakiyar 2023, wajen wata 18.

Dakta Hadiza: Ku ƙara da batun kuɗi, don a nan ne ya fi cizo. Fiye da kashi ɗaya cikin uku na tattalin arzikin Tonga kuɗin da 'ya'yanta ke aikowa ne daga Niyu Zilan da Ostireliya da Amurka. Masu tsinkar 'ya'yan itace a gonaki, masu aikin gini, 'yan wasan zari-ruga. A daidai lokacin da ruwan sha ya gurɓace da toka, gonaki suka lalace, mutanen waje na riƙe da kuɗi a hannu amma babu hanyar turawa. Na ga yadda suka koma cika ganguna da shinkafa da ruwan roba da abincin gwangwani, suna rubuta sunan iyali a jiki, ana lodawa a kwantena. Sannan a farkon Fabrairu korona ta ɓulla a ƙasar, aka sa dokar zaman gida, ga yara ba makaranta, ga intanet babu.

Isufu Damagaram: Kuma Injiniya, na ji ba wannan ne karon farko ba.

Injiniya Bashir: Ba shi ba ne. A Janairun 2019 wayar ta taɓa tsinkewa, ana zargin angar jirgin ruwa ce ta ja ta. Kusan mako biyu aka yi. Ɗan abin da aka samu ta tauraron ɗan'adam bai isa ba, har sai da aka toshe Facebook na ɗan lokaci don bankuna da kamfanonin jirgin sama su samu hanya. Abin da ke ba ni takaici ke nan. An yi gargaɗi shekara uku kafin dutsen, amma 2022 ta zo ta tarar da ƙofar nan ɗaya ce dai. Kuma ba sakaci ne kawai ba, waya ta biyu kuɗi ne na miliyoyin daloli wanda kasuwar mutum 100,000 ba za ta taɓa biya ba.

Malam Nuhu: In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Ba mu manta da 14 ga Maris na 2024 ba, da wayoyi huɗu suka lalace a tekun Kwaddibuwa, manhajojin banki suka riƙa ƙin buɗewa. Mu da muke da wayoyi da yawa ma mun ji a jikinmu.

Alhaji Garba: To Injiniya bari in rage tsawon gardamata. Wayar teku, na yarda, wannan kamar titi ce ko gada, gwamnati da masu tallafi su yi. Amma sayar da layi da data a bar wa masu gasa, har da mai farantin, kowa ya biya harajinsa. Inda ba zan bi ka ba shi ne a ce don kamfani na gwamnati ne sai a riƙa kare shi daga gasa. Ranar da aka fara haka, talakan da kake tausayi shi zai fara biya.

Injiniya Bashir: Ban nemi a kare shi daga gasa ba, Alhaji. Na nemi kada a bari ya mutu, don shi ne wanda za a iya kira gaban majalisar ƙasar a tambaye shi me ya sa Niua ba sabis. A kan wannan har yanzu muna da saɓani, kuma ba komai.

Hajiya Rabi: To yanzu an yi musu ƙofa ta biyun ko har yau suna nan yadda suke?

Injiniya Bashir: A 2024 Ostireliya da Niyu Zilan sun sanar da cewa za su biya kuɗin reshe daga wayar Hawaiki, wadda ta taso daga ƙasashen biyu zuwa Amurka. Abin da ya burge ni a tsarin shi ne ba Nuku'alofa za ta sauka ba, Vava'u aka zaɓa, can arewa. Dutsen yana tsakanin biyun ne. In ya sake tashi ya cinye wayar tsakiya, kudu na da hanyar Fiji, arewa na da tata. Ha'apai ce dai ke tsakiya, daga wayar cikin gida take sha, kuma wayar nan ce mafi kusa da dutsen.

Dakta Hadiza: Can mahaifiyar abokiyar aikina take har yanzu. Sun yi sun yi ta dawo Auckland ta ƙi, ta ce ba za ta bar kabarin mijinta ba. 'Ya'yan sun haɗa kuɗi sun saya mata ƙaramar sola ta cajin waya, kuma ta riƙe sim na kamfanonin biyu.